Tafintar Malam a Shagon Fomika

Ƙarar cokali ce ta jawo mana tafiyar. Ina dama wa Malam koko da safe, cokalin ya suɓuce mini, ya faɗa kan wani ɗan allo da Sale, ɗan ƙanen babansa, ya kawo mana tsaraba daga Abijan. Sai ya yi ƙas, wata irin ƙara mai tsabta, ba ta katako ba, ba ta tasa ba. Malam yana bakin ƙofa zai fita, ya juyo. Ya ɗauki cokalin ya sake sakinsa. Ya zuba ruwa a kan allon, ruwan ya tsaya bai shiga ba. Ya ɗora kwanon koko mai zafi, ya ɗauke, ko tabo babu.

"Mi Sale ya ce sunan abin ga?"

Na ce, "Fomika."

Malam kafinta ne, minizye a bakin ma'aikata, kuma a Gazawa ta lokacin ba wanda ya kai shi iya ƙyaure da benci. Sai dai ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ana ta buɗe buro, wato ofisoshi, a Maradi, kowane sabon ma'aikaci tabur mai sheƙi yake so, irin wanda ya gani a Yamai. Aka fara tsallake Malam ana kai aiki wurin baƙi. Sale ya ce yana da hanya a Abijan, aikin kuma ba ya da wuyar koyo. Abu ɗaya ya tsaya: can ba a jin Hausa, Malam kuwa allo ya yi, bai taɓa zama a lakol ba. Ni na zauna, har na taɓa kwaleji a Damagaram kafin aure. Shi ya sa aka ce in bi shi, in zama bakinsa da kunnensa. Muka ɗauki 'yarmu Larai, tana 'yar shekara biyar. Ita ma Larai ba sunanta na yanka ba ne. 'Yar fari ce, bakina ba ya iya nata.

Kunyar ta fara ne bayan Yamai, a shingen iyaka. Jandarma ya sauke mu daga mota, ya tsare Malam da tambaya cikin Faransanci. Malam ya yi tsaye, hula a kai, yana kallon bakin mutumin. Ina bayansa, kaina a ƙasa, na shiga amsawa da murya ƙasa-ƙasa. Da ya tambayi sunan maigidana sai na miƙa masa takardarmu, na nuna da yatsa. Jandarman ya dube ni, ya dubi Malam, ya yi dariya ya ce wa abokinsa, "To a cikin biyun nan wane ne mijin?"

Malam ya ce, "Mi ya ce?"

Na ce, "Ya ce Allah ya kiyaye hanya."

Malam ya ɗaga hannu ya ce amin, har yana gode masa. Na yi istigfari a zuci har muka koma mota. Ban san cewa na ɗauki wata hanya ke nan da zan daɗe a kanta ba.

A tashar jirgin ƙasa ta Wagadugu muka haɗu da wani mutum mai farar riga, Hausarsa tas irin ta Tasawa. Ya gaishe da Malam kamar sun yi wasan ƙasa tare, ya lissafo masa unguwannin Gazawa, ya shafa kan Larai. Bayan kwana da kwanaki cikin yaren da ba mu ji, ni kaina sai da na ji sanyi a raina. Ya dubi akwatin kayan aikin Malam, ya ce ai ba a shiga wagon mutane da ƙarfe, sai an kai shi ɗakin kaya a bayan tasha, shi ya san mai wurin. Ni kuwa tun shigowarmu na karanta allon da ke bango: ɗakin kaya yana gaba, hannun dama, ba baya ba. Na yi ta juya maganar a bakina, maza biyu suna magana, ta ina zan shiga? Da ƙyar na ce, "Malam, a bangon can an rubuta..."

Mutumin ya katse ni da dariya. "Ikon Allah! Malam, yanzu a Gazawa mata ke nuna hanya?"

Na ga kunnen Malam ya motsa. Bai dube ni ba. Ya sunkuya ya ɗauki akwatin da kansa ya ɗora wa mutumin a ka. A ciki akwai zarto, kurfi, guduma, da abin fere katako na mahaifinsa, wanda hannun tsoho ya cinye wa mariƙi. Har jirgi ya yi kuka mai farar riga bai dawo ba.

A cikin jirgi ba mu yi maganar ba. Malam ya kafa ido a taga. Wata tsohuwa Bamosa da ke gabanmu ta ga ina share ido da bakin mayafi, ta matsa ta ba ni gefen da iska ke shigowa, ta ɗauki Larai ta ɗora a cinya, ta yi ta ɓare mata gyaɗa. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Da lokacin salla ya yi ta ga ina dube-dube, sai ta ciro wani ɗan dutse daga ƙullin zanenta ta miƙo mini, na yi taimama a zaune. A Bobo ta sauka. Daga nan ƙasa ta fara canjawa, itatuwa suna ta tsawo suna matsowa, har sararin sama ya koma wata 'yar tsaga. Ni da na tashi inda ake hango mai zuwa tun yana bayan gonaki, sai na ji kamar an kifa mini ƙwarya.

A Abijan muka tarar hanyar da Sale ya ce yana da ita ba ta wuce ƙofa ba. Gadi yake yi a wani wurin ajiye katako. Ya sama mana ɗaki na langa-langa a Tireshbil, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda Hausawa 'yan goro da matansu suka fi yawa. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, tufafi ba sa bushewa, gishiri yana narkewa a cikin kwano. Gero kuwa sai dai a ba ki labarinsa. Larai ta yi ta tambayata yaushe za a dama fura. Akwai safiyar da wata maƙwabciya ta daka barkono a turmi, na tsaya cak da tsintsiya a hannu, don na ɗauka sussuka ake yi a gidanmu.

Sale dai ya yi abin da zai iya. Ya kai mu shagon wani Mushe Kwasi, mutumin ƙasar, gajere mai faɗin ƙirji, fensir a bayan kunne. Ya koyi aikin fomika wurin wani Bature, da Baturen ya tafi ya buɗe nasa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Ina kayan aikinsa?"

Na faɗa wa Malam. Ni na ba da amsa, na ce an sace a hanya. Mushe Kwasi ya ce kowa haka yake faɗa. Wannan ban juya wa Malam da Hausa ba. Ya jefa wa Malam guntun katako da abin fere, ya naɗe hannu. Malam ya duba ƙarfen, ya ɗan buga shi ya daidaita, ya ja sau ɗaya, ɓawon ya fito dogo a nannaɗe bai tsinke ba. Mushe Kwasi ya ɗauki ɓawon ya ɗaga shi a haske. Ya ce ya ɗauke shi gwaji, amma shi ba ya koyar da aiki da nuni kamar ana magana da kurma, dole Madam ta riƙa zuwa kullum.

Haka na zama mace ɗaya a cikin shagon maza. A Gazawa ko zaure ban cika leƙawa ba. Aka ba ni wata 'yar kujera a lungu, gajera, in na zauna idona daidai yake da saman bencin aiki. Na ja mayafi har goshi, Larai a jikina tana wasa da ɓawon katako. Bahaushe ɗaya ne a shagon, Tanko, Bagobiri daga wajen Tibiri, shi ke kan injin yankan katako. Ya daɗe a can, yana jin Faransancin kasuwa, bakinsa kuma ba ya hutawa. Tun ranar farko ya raɗa mini suna.

"Madam Lakol, an iso? A ba Madam alli ta koya muna."

Ban taɓa amsa masa ba.

Ranar nan Mushe Kwasi ya karya wani guntun fomika ya nuna mana bakinsa. Ya ce takardu ne masu ruwan ƙasa, an jera su, an jiƙa da wani irin ƙaro, a sama an ɗora takarda mai zane, sannan aka matse su da zafi mai tsanani a ƙasar Turawa har suka zama abu ɗaya. A jirgin ruwa ake kawo su, fayi-fayi, kowane ya fi ƙyaure girma. Da na juya wa Malam, ya karɓi guntun ya daɗe yana kallo.

"Takarda? Takarda muka baro Gazawa dominta?"

Kalmomin aikin ba ko ɗaya da na taɓa ji a kwaleji. An koya mana kogunan Faransa da sarakunanta, ba a koya mana abin da kafinta ke faɗa ba. Sai in saurara, in kalli hannun Mushe Kwasi, in nemo abin da ya yi kama da shi a gidanmu. Siririn fomika da ake bi da shi a bakin katako, shi yana cewa shan, ni na ce wa Malam leɓe, kuma leɓe ake fara sawa kafin sama. Akwai wani fayi mara ado da ake mannawa a ƙarƙashi, inda ido ba ya gani, mai dogon suna, kwantarbalans. In ba a sa shi ba, fuska ɗaya ta sha damshi ɗaya ba ta sha ba, katakon ya lanƙwashe kamar busasshen ƙirgi. Na ce masa shafi ne, irin na babbar riga. Marufle shi ne danne fayin daga tsakiya zuwa baki, na kira shi korar iska, don in iska ta maƙale sai wurin ya kumbura, abin da suke kira kilok, mu kuma bororo. Kullum ana yanka fayi ya ɗan fi katako faɗi, ya bar rara a kowane gefe. Share rarar da magagari har ta yi daidai da leɓe, wai afilore, na ce aski.

Malam ya ji daɗin kalmomina, ya riƙe su. Sai daga baya na gane cutar da na yi masa da su: nawa ya haddace, na Mushe Kwasi ko ɗaya bai zauna masa ba.

Uban su duka shi ne kol, wato mannen. Warinsa yana hawa ka, sai ki ji shagon yana juyawa. Ba kamar mannen da Malam ya sani ba ne, wanda za ka haɗa katako biyu ka yi ta gyara su kafin ya kama. Wannan ana shafa shi a fuska biyu, a kan katako da bayan fayi, da wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi. Sai a jira, har in ka taɓa da bayan yatsa bai biyo ka ba. Ido zai ce ya bushe, ya mutu. Amma da fuskokin biyu sun taɓa juna, magana ta ƙare, ko ƙwayar gero ba za ka matsar ba. Shi ya sa ake jera 'yan sanduna a tsakani, baget, na ce musu karan tsakani. A ɗora fayi a kansu, a daidaita, sannan a zare su ɗaya bayan ɗaya.

Mushe Kwasi mutum ne mai gajeriyar magana da zafin baki. "Tsaya." "Ɗaga." "Ba haka ba, kai makaho ne?" Ni kuwa ta yaya zan dubi maigidana a gaban maza in ce masa tsaya? Sai in tashi, in je kusa, in ɗan durƙusa, in ce, "Malam, wai in ka ga dama a ɗan dakata." Zagin kuma in haɗiye shi, in ce, "Ya ce da kyau, amma a ƙara dubawa."

Wata ranar aka ba Malam ƙaramin tabur shi kaɗai, fayi kore. Ya shafa kol, ya jira yadda ya kamata. Sai hannunsa ya koma tsohuwar ɗabi'a, ya ɗauki fayin zai ɗora kai tsaye. Daga can ƙarshen shago Mushe Kwasi ya daka tsawa, "Baget!" Malam bai san da shi ake ba. Na sauke Larai, na gyara mayafi, na taka, na durƙusa.

"Malam, ya ce wai in ba damuwa..."

Fayin ya sauka. A karkace ya kama. Malam ya sa yatsu zai ɗaga, sai ji muka yi ƙarass, ya tsage tun daga baki har tsakiya.

Abin da Mushe Kwasi ya faɗa ba na rubutawa ba ne. Malam ya juyo gare ni yana jira. Na buɗe baki, sai Tanko ya riga ni. Ya juya masa duka, kalma kalma, har da ƙarin yaji nasa.

"Kuma ba yau ya fara ba, Mallam. Kullum haka yake wanke ka, Madam Lakol na shafa maka man shanu."

Mushe Kwasi ya juyo kaina. "Madam, ni ina faɗin kalma ɗaya, ke kina faɗin ashirin. Kol ba ya jiran gaisuwa." Ya ce saura dama ɗaya. In aka sake ɓata masa fayi, mu nemi hanyar tasha.

A gida, bayan la'asar, Malam ya zauna a bakin ƙofa bai taɓa abinci ba. Bai yi faɗa ba, da ma ba mai faɗa ba ne, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Jandarman nan na iyaka. Da gaske addu'a ya yi muna?"

Na ce a'a.

Ya gyaɗa kai. "Daga yau abin da mutumen ga ya faɗa, ki ba ni shi da ƙashinsa. Ba mu da abin komawa gida da shi. Ko kayan aikin tsoho babu."

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Washegari Mushe Kwasi ya ce masa hannunsa na jaki ne. Malam ya dube ni. Na ce, "Ya ambaci wata dabba."

"Wace?"

"Mai ɗaukar kaya."

Har Tanko sai da ya kashe inji don ya yi dariya da kyau.

Matar Mushe Kwasi, Madam Akisi, tana sayar da acake, wani dambun rogo, da soyayyen kifi a tsallaken titi. In abinci ya yi sai ta tsaya a bakin rumfarta ta ƙwala, "Kwasi!" Haka, gatsal, titi duka yana ji, shi kuma ya amsa ya tafi. Ranar da na fara ji sai da na sunkuyar da kai, kamar ni na yi. Ita ce ta lura ba na cin komai da rana. Ta fara aiko wa Larai da ƙunshi a ganye, ƙunshin kuma ya fi cikin yarinya. Wata rana ta zo da kanta ta zauna kusa da ni, ta ce, "'Yar'uwa, mijinki yana dukanki ne?"

Na ce, "Subhanallahi, ko da wasa."

"To me ya sa kike masa magana kamar mai roƙon gishiri?"

Na rasa yadda zan faɗa mata kunya da Faransanci. Kalmar da aka koya mana a lakol ta mai laifi ce, wanda aka kama. Tamu ba ita ba ce. Na ce haka muke yi a wurinmu. Ta ɗaga kafaɗa, ta gyara mini mayafina da ya zame, ta koma wurin kifinta.

A gidan haya ma ban tsira ba. Matan 'yan goro ba sa fita, ni kuwa kullum da safe ina bin miji zuwa cikin maza, in dawo ina warin kol. In na zo famfo sai hira ta tsaya. Wata ta taɓa cewa, ba da ni ba wai, "Allah ya raba 'ya'yanmu da lakol." Na ce amin tare da su, don ban san abin da zan ce ba.

Aikin da aka ajiye wa Malam na kantin magani ne, dogon kanta, fayi fari mai jijiya-jijiya kamar dutse. Shi kaɗai ya rage irinsa, sai wani jirgin ya zo. Mushe Kwasi ya ce Malam zai yi shi daga farko har ƙarshe, ba mai sa masa hannu, ba mai ce masa komai. In ya yi kyau ya zauna, a koya masa sauran aikin. Wannan na juya shi yadda yake.

Ya sa shafi a ƙarƙashi tun ana gobe. Ya bi leɓe, ya yi masa aski. Da hantsi ya shafa kol a fuska biyu, ya jira, ya taɓa da bayan yatsa, ya ƙara jira. Ya jera karan tsakani, ya ɗora fayin, ya zagaya yana duba rara. Ina lungu ina ta salati. Mushe Kwasi ya fita bakin ƙofa da gangan, ya juya baya yana hira da mai kantin maganin. Sale ma ya zo kallo, da wasu 'yan goro biyu na gidanmu da suka biyo shi. Tanko ya ta da inji zai yanka katakon wani aikin, ƙasa ta ɗauki rawa kamar kullum.

Malam ya tafi can ƙarshen kanta, ya ba ni baya, ya sunkuya. Ta can zai fara zarewa. Ni kuwa daga 'yar kujerata ina ganin abin da mai tsayuwa ba zai gani ba. Rawar injin tana tafiya da fayin a kan sanduna, a hankali, a hankali. A kusurwar da ke kusa da ni rara ta ƙare. Bakin katako ya leƙo, tsirara, kamar farcen yatsa. A wurinsa komai daidai yake. In ya zare karan farko ya danna, haka zai kama har ƙarshe.

Na ce, "Malam."

Inji ya cinye.

"Maigida!"

Bai motsa ba. Larai tana kan cinyata, benci biyu a tsakaninmu. Na ga hannunsa ya kama karan. Na ga ya fara ja.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kira sunansa. Sunan yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun da aka kai ni ɗakinsa, wanda ko a nan ba zan rubuta ba. Kuma ba a hankali ba. Na ƙwala shi da dukan muryata, yadda ake kiran yaron da ya nufi rijiya.

Hannunsa ya tsaya, karan rabi a waje. Tanko ya kashe inji. Shagon ya yi tsit, har ana jin man Madam Akisi yana soya kifi a tsallake. Malam ya juyo a hankali. Na miƙa yatsa wajen kusurwar.

Tanko ya ce, "La'ilaha illallahu. Amsa mana, Mallam, uwargida na kira."

Ɗaya daga cikin 'yan goron ya yi tsaki ya fita.

Malam bai kula kowa ba. Ya mayar da karan, ya zagayo, ya durƙusa daidai inda nake ya duba. Ya daɗe yana duban kusurwar nan. Ya tashi ya gyara fayin, ya ce wa Tanko, "Kada ka ƙara ta da injin ga sai na gama." Ni na koma kan kujera, na ja mayafi har haɓa. Sauran aikin da kunne na gan shi: karan tsakani suna faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, tafin hannunsa yana korar iska, sannan magagari, sassauƙa, yana tafiya yana dawowa. Fuskata tana zafi kamar na leƙa tukunya. Na san kafin magariba gidan haya duka zai ji. Na san labarin zai hau jirgin ƙasa ya riga mu isa Gazawa, ya shiga ɗakin surukata. Kuma ya shiga. Har bayan mun tsufa akwai matan da in sun gan ni a wurin biki sai su taɓa juna.

Na ga takalman Mushe Kwasi sun zo sun tsaya. Na ji yana bin kanta da ƙwanƙwasa, yana neman inda zai yi ƙarar rami. Ya bi leɓe da babban yatsa har ya zagayo. Sai ya yi magana mai ɗan tsawo, ya tsaya yana jira in juya. Na ƙara cusa fuskata cikin mayafi. Da ya ga haka sai ya je wurin akwatinsa, ya ɗauko magagari da abin fere katako, ya kamo hannun Malam ya danƙa masa. Ya nuna benci na biyu daga ƙofa, ya buga shi da tafin hannu. Wannan bai nemi tafinta ba.

A hanyar gida Malam yana gaba, kayan a hammata, ni ina baya kamar yadda muka saba, Larai riƙe da bakin zanena. Na yi ta shirya abin da zan ce in roƙi gafara, kowace kalma na ɗauko sai in ga ta yi kaɗan. Mun kusa famfon unguwa ya rage tafiya har na kusa cim masa. Bai juyo ba.

"Kin ba ni tsoro," ya ce. "Na zaci tsohuwata ce ta biyo mu daga Gazawa."

Na kasa gane ko faɗa ne ko wasa, sai da na ga kafaɗarsa tana rawa don dariya. Hawayen da na riƙe tun a shago suka zubo, na tsaya ina goge su da mayafi a tsakiyar titi, mutane suna wucewa. Larai ta ja zanena, ta ɗaga kai tana dubana da mamaki.

"Inna, ashe kin san sunansa? Ni na zaci ba wanda ya gaya miki. Da kin tambaye ni, da tuni na gaya miki."